Zumunta A Ƙafa Take: Tafiyata Da Kawu A Kan Babur

Masu iya magana kan ce zumunta a ƙafa take. Mu ɗaliban harshe mun saba haɗuwa da wannan karin magana a ɗakin jarrabawa, mu feɗe shi, mu fito da sigarsa da jigonsa, mu karɓi makinmu mu ƙara gaba. To amma akwai mutanen da ko sau ɗaya ba su taɓa zama ajin adabin baka ba, sai dai in aka zo wajen aiki da shi sun yi mana fintinkau. Ɗaya daga cikin irin waɗannan mutane shi ne kawuna, yayan mahaifiyata, wanda ya yi shekara 35 yana aikin sojan ruwa. Abin da nake son bai wa 'yan uwana ɗalibai a wannan fitowa ta mujallarmu shi ne labarin rakiyar da na yi masa a ƙarshen shekarar 2023 zuwa farkon 2024, daga Agege ta jihar Legas har birnin Zariya, mu biyu a kan babur ɗaya. Tafiyar da mota kan yi a wuni da kwana, mu sai da ta ci mana kwana 16, domin kuwa mun bi ta doguwar hanya ne muna cigiyar tsofaffin abokan jirginsa.

Bazazzagi A Teku

A shekarar 1979 Kawu ya shiga sojan ruwa yana ɗan shekara 19. Mahaifiyata ta ce ranar da labari ya iso gida mutanen unguwa dariya suka yi ta yi, wai yaron da bai san wani ruwa ba sai Kubanni da Galma me zai je yi a teku? Ita dai rundunar an kafa ta ne tun 1956, kuma aikinta shi ne tsaron gaɓar tekun ƙasar nan mai tsawon kimanin kilomita 853. Bayan horo sai aka ware Kawu ɓangaren inji, daga baya aka tura shi jirgin da a lokacin ya fi kowane girma da kwarjini a rundunar, wato NNS Aradu.

Wannan jirgi kamfanin Blohm & Voss ne ya ƙera shi a birnin Hambog na ƙasar Jamus. An saka shi a ruwa a 1980, ya iso Legas a ƙarshen 1981, aka ƙaddamar da shi a watan Fabrairu na 1982. Tsawonsa ya haura mita 125, yana kuma ɗaukar ma'aikata kimanin 200. Shi ne ya wakilci Nijeriya a Ingila a shekarar 2005 wajen bikin cika shekara 200 da yaƙin Trafalgar. Daga baya tsufa da rashin lafiyar inji suka ɗaure shi a bakin gaɓa, har zuwa 2023 da aka ƙulla yarjejeniya da wani kamfanin Turkiyya domin a sake gyara shi.

Mai karatu ya lura da sunan jirgin. Aradu kalmarmu ce ta Hausa. Kawu ne ya fara nuna mini cewa sunayen jiragen yaƙin ƙasar nan darasi ne guda ga ɗalibin harshe. Akwai jirage huɗu da aka sa wa suna Dorina da Otobo da Erinomi da Enyimiri, dukkansu kuwa dabba ɗaya suke nufi, wato dorinar ruwa, kowanne cikin harshen wata al'umma. Haka nan akwai Damisa da Agu da Ekpe, waɗanda su ma dabba ɗaya ce da Hausa da Ibo da Efik. Ko a 2022 rundunar ta karɓi wani sabon jirgi mai suna Kada. Kawu kan ce yadda aka jera sunayen nan haka aka jera mutanen da ke ciki.

Su tara ne suke kwana a lungu ɗaya cikin jirgin, gado bisa gado, wanda in mutum ya yi juyi sai na samansa ya sani. Akwai hotonsu da suka ɗauka a 1985, kowa cikin farin kaki, wanda na taso na tarar a rataye a ɗakin Kawu. A iya saninsa uku daga cikinsu sun riga mu gidan gaskiya. In aka cire shi, saura biyar ke nan, kuma rabonsa da wasunsu ya fi shekara 30.

Dalilin Tafiya

Kawu ya yi ritaya a 2014, ya ci gaba da zama a Agege yana gyaran janareto. Da shekaru suka ja, gwiwa ta fara ciwo, ido ya fara raguwa, sai ya yanke shawarar komawa gida gaba ɗaya. Ya ɗora iyali da kaya a mota suka yi gaba, shi kuma ya ce sai ya yi sallama da mutanensa tukuna. Mahaifiyata ta ce ai waya ta wadatar. Ya ce mata, “Ƙanwata, mutumin da kuka sha ruwa a moɗa ɗaya tsakiyar teku ba a yi masa sallama ta waya. Ballantana ma lambar mutum ɗaya kawai gare ni.”

Batun babur kuwa dalilansa biyu ne. Na farko, tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 lita ta haura naira 600, kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabo. Na biyu, bai san gidajen mutanen ba, sunan gari da na unguwa kawai ya riƙe, babur kuwa babu lungun da ba ya shiga. Daɗin daɗawa, ya ji labarin Kunle Adeyanju, ɗan Nijeriyar nan da ya tuƙo babur daga Landan zuwa Legas a 2022, sai ya ce in wani ya ratsa hamada, shi me zai hana shi ratsa ƙasarsa? Da mahaifiyata ta ga ba zai tanƙwaru ba, sai ta kafa sharaɗin cewa ƙafarsa ƙafata, tun da muna hutun zango.

Saboda dokar da ta hana ƙananan babura hawa manyan titunan Legas, a bayan motar wani mai kai goro muka ɗora Bajaj ɗinmu zuwa Sabon Shagamu, daga can muka fara. Tun daren ranar Kawu ya karanta mini dokokinsa, waɗanda duk daga jirgi ya kwaso su. Kullum bayan asuba sai an duba baƙin mai da sarƙa da birki da iskar taya. Kowa da hular kwano. Kowane awa biyu za mu yi canji, wanda yake kira canjin gadi. Da la'asar sakaliya tafiya ta ƙare, ko da gari na gaba ana hango shi. Sannan akwai wani ɗan littafi da yake rubuta lokacin tashi da na sauka da litar man da muka sha, tamkar dai littafin da ake ajiyewa a ɗakin inji.

Ijebu-Ode Da Wari

Zangonmu na farko Ijebu-Ode ne, garin wanda suke kira Mai Sigina, shi ne kuma kaɗai muke da lambarsa. Bayarabe ne, yanzu dattijon coci, yana kiwon kaji a bayan gidansa. Tun daga nesa ya ƙwala wa Kawu kira da sunan da suka sa masa a jirgi, wato Malam Inji, suka rungume juna suna bubbuga baya kamar za su karya haƙarƙari. Suna hira da Turancin buroka, jefi-jefi sai Mai Sigina ya jefo Hausa irin ta bariki, wadda ba ruwanta da bambancin jinsi ko baƙaƙe masu lanƙwasa. Da zai gabatar da mai ɗakinsa cewa ya yi, “Ga matana, ya dafa abinci.” Abin da muka karanta a aji game da Barikanci sai ga shi a zahiri, kuma Kawu bai gyara masa ko harafi ba.

A bakinsa na fara jin yadda suka yi zama. Ya ce in Sallah ta zo Kiristocin cikinsu ne ke karɓe gadin Musulmi domin su samu zuwa Idi, in Kirsimeti ta zo su kuma su rama musu. Babu hafsan da ya ba da wannan umarni, tsakaninsu suka tsara abinsu. Ya ce a cikin jirgi in ruwa ya ɓalle ta wani sashe ba ya tambayar garin kowa, saboda haka dole ka san wanda ke gadi lokacin da kake barci, ka kuma yarda da shi. Washegari ya ɗaure mana ƙullin garin Ijebu a bayan babur, ya ba mu lambar ɗan Kuku da ke Wari.

Daga nan muka miƙi hanyar Ore zuwa Binin, tsakanin tireloli da tankokin mai waɗanda iskarsu kaɗai kan nemi ta watsar da mu. Shingayen bincike kam ba su ƙidayuwa, amma da zarar Kawu ya ciro katinsa na tsohon soja sai a sara masa a ce mu wuce. Muka kwana Binin, muka bi ta Sapele inda kwalejin injiniyoyin sojan ruwa take a bakin kogin Ethiope, muka isa Wari muka sauka a unguwar Hausawa ta Igbudu. Wannan ita ce al'adarmu a duk tsawon tafiyar, duk garin da dare ya yi mana sai mu nemi masallacin Hausawa, ba mu kuma taɓa rasa tabarma da shayi ba.

Kuku mutumin Urhobo ne, shi ke dafa musu abinci a jirgi. Kawu ya ce duk azumi da ƙarfe uku na dare yake tashi ya haɗa wa Musulmi sahur, alhali shi ba azumin yake yi ba, kuma bai taɓa bari tukunyarsu ta haɗu da abin da ba su ci ba. Mun same shi a kan kujera, ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi shekara biyu da suka wuce, baki ya karkace, magana ba ta fita. Ya ƙura wa Kawu ido ya kasa gane shi. Kawu ya faɗi sunansa, shiru. Can sai ya haɗa leɓe ya yi wani irin fito mai hawa da sauka, irin busar usur da ake yi a jirgi. Nan take tsohon nan ya ɗago lafiyayyen hannunsa, ya kama dariya, hawaye na zuba. Da aka kawo abinci, miyar kwakwar manja da tuwon sitaci irin nasu, Kawu ya karɓi kwanon daga hannun jikarsa ya ce yau shi zai ba shi. Yana ba shi a baki yana cewa, “Ci, Kuku. Shekara nawa ka yi kana ciyar da ni?”

Wadda Muka Tarar A Aba

Hanyar Wari zuwa Fatakwal ita ta fi ba mu wuya. Muka wuce Ugheli, muka haye gadar Patani a kan kogin Forcados, sai sarƙa ta tsinke mana kafin Mbiama. Muka tura babur cikin rana kusan awa guda kafin wasu 'yan uwanmu masu sayar da albasa suka kai mu wurin bakanike. Kwana biyu muka yi a Fatakwal Kawu na jinyar gwiwa, muka kuma bari Litinin ta wuce, saboda zaman gida da aka riƙa yi ranar Litinin a garuruwan Ibo tun daga 2021.

A Aba ba mu da lamba, ba mu da kwatance. Dabarar Kawu ita ce ya nemi tsofaffin sojoji 'yan ƙungiyar Lijin masu gadi a ƙofar bankuna da makarantu, ya nuna musu hoto. Na uku da muka tambaya shi ya san gidan, amma da ya kalli hoton sai ya sunkuyar da kai. Mutumin ya rasu tun 2021. Matarsa ta karɓe mu, ta shiga ɗaki ta fito da wani akwatin ƙarfe. A ciki akwai farar hularsa, da irin hoton nan namu sak, an rubuta sunayen mutum tara a bayansa. Ta ce duk ranar 15 ga Janairu, ranar tunawa da mazan jiya, sai ya fito da shi ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana ba 'ya'yansa labari. Kawu ya daɗe bai ce uffan ba, sannan ya yi mata ta'aziyya da kalmar nan tasu ta “ndo”, wadda ta yi daidai da sannu a wurinmu, ya damƙa mata abin da ya sawwaƙa. Da muka fito ya tsaya jikin babur ya ce, “Ɗana, shekara tara ina zaune ba aikin gwamnati a kaina. Kullum sai in ce sai baɗi.” A ranar ni na yi tuƙi har yamma, bai nemi canjin gadi ba.

Kalaba

Tun daga Shagamu na lura duk sa'ad da aka ambaci Kalaba sai Kawu ya sauya magana. Sai da muka wuce Ikot Ekpene muka tsaya shan ruwa kusa da gadar Itu sannan ya buɗe mini cikinsa. Mutumin Kalaba shi ne babban amininsa a cikin taran. Tare suke aiki a ɗakin inji. Shi ya goge wa Kawu iyo har ya daina tsoron ruwa, Kawu kuma ya koya masa Hausa har ya fi sauran iyawa. Wani dare a 1988 jirgi na bakin gaɓa a Legas, aka aiko masa cewa matarsa na naƙuda kuma abin ya zo da gardama. Gadinsa ne, bai kuma samu izinin fita ba, sai ya sulale ya bar wa Kawu wurin. Aka yi rashin sa'a wani hafsa ya zagayo. Da aka zauna bincike aka rantsar da Kawu, aka tambaye shi ko mutumin na wurin aikinsa a daren, ya ce ba ya nan. Aka rage masa igiya, bayan 'yan shekaru ya bar aikin tun lokacinsa bai yi ba.

Na tambayi Kawu ko yana nadamar faɗin gaskiya. Ya ce a'a, ko yau aka rantsar da shi ba zai yi ƙarya ba. Abin da ke cin ransa shi ne bayan an yi hukuncin kunya ta hana shi taka gidan mutumin, bai je barka ba, bai je jaje ba, in sun haɗu a hanya sai ya sauya lungu. Kwana ya zama wata, wata ya zama shekara, har shekara 35. Ya ce, “Duk sauran sallama na je yi musu. Wannan kuwa gafara zan nema, in ya hana ni ban ga laifinsa ba.”

Muka sauka a Bogobiri, unguwar Hausawan Kalaba. Kwana biyu muna cigiya kafin aka kwatanta mana wata rumfa a bakin kogi inda ake gyaran injin kwalekwale. Muka same shi tsugune, furfura fat, hannu duk baƙin mai. Kawu ya yi sallama. Ya ɗago ya dube shi, ya dubi babur, ya mai da kai ga aikinsa. Bai ce mu zauna ba, bai ce mu tafi ba. Muka samu wani benci muka zauna. Ina jin mun fi awa guda a haka, ni dai zuciyata sai dukan uku-uku take. Can wani noti ya gagare shi, yana ta laluben sifana, sai Kawu ya miƙa hannu cikin akwatin kayan aiki ya zaro wadda ta dace ya miƙa masa. Ya karɓa bai dube shi ba. Daga nan Kawu ya naɗe hannun riga ya tsuguna, suka ƙarasa injin tare, babu mai ce wa wani kanzil.

Da yamma ya ce mu bi shi gida. Matarsa na ganin Kawu ta gane shi, ta dafe ƙirji. Aka kira wani magidanci aka ce ya gai da baƙi, ashe shi ne yaron da aka haifa a wancan dare. Bayan an ci abinci Kawu ya cire hula ya faɗi abin da ya kawo shi, bai yi kwana-kwana ba. Mutumin ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce shi bai taɓa jin haushin shaidar da Kawu ya bayar ba, domin ya san halinsa, da ya yi ƙarya ma da ya raina shi. Abin da ya ƙona masa rai shi ne ranar sunan yaron ya ajiye kujera da kwanon abincin da aka dafa daban saboda Malam Inji, har dare kujerar nan babu kowa. Ya ce wannan bai manta ba, ba kuma zai ce ya manta ba. Yana gama faɗin haka ya tashi ya shige ɗaki.

A daren Kawu bai runtsa ba, ina jin motsinsa. Da asuba muka fito sai muka tarar an wanke babur tas, an ɗaure sarƙa an shafa mata mai, an cika tanki. Mutumin na tsaye da tsumma a hannu. Ya yafito ni gefe ya ce Hausarsa ta tsufa, in tuna masa kalmar da ake faɗi in mutum bai manta ba amma ya sauke abin daga ransa, domin ba “na manta” yake son cewa ba. Na ce masa ana cewa “na yafe”. Ya maimaita sau biyu a hankali, sannan ya taka har gaban Kawu ya ce, “Malam Inji, na yafe. Kai ma ka yafe.” Shekara uku ina nazarin ma'anar kalmomi a jami'a, ban taɓa ganin tazarar da ke tsakanin mantuwa da yafiya ƙarara irin ta wannan safiya ba. Muka ƙara kwana biyu a gidansa, ya zaga da mu gari, har da bakin ruwa inda sansanin sojan ruwa na NNS Victory yake.

Hanyar Gida

Daga Kalaba muka fuskanci arewa, ta Ikom da Ogoja. Dazuzzuka masu duhu suka fara sirancewa, iskar hunturu ta tare mu, leɓe ya fara tsagewa. Muka ratsa Gboko tsakanin tulin doya da lemo a bakin titi, muka shiga Makurɗi. Na ƙarshe a jerin shi ne wanda suke kira Dogo, mutumin Tibi, wanda daga baya aka sauya wa jirgi, yana kuma cikin waɗanda suka kai dakarun ECOMOG birnin Manrobiya na Laberiya a watan Agusta na 1990. Yanzu manomi ne, kuma duk ya fi su ƙarfin jiki. Bai sha wuyar samuwa ba, domin mutumin Kalaba ya riga ya kira shi.

A tsakar gidansa na haɗa musu kira ɗaya a waya, Ijebu-Ode da Wari da Kalaba da Makurɗi. Ɗan Kuku ya kara wa mahaifinsa wayar a kunne. Tsofaffin nan suka yi ta ihu suna katse juna, ana zolayar wanda ya fi kowa minshari da wanda ya yi amai ranar da suka fara fita teku, har katina ya ƙare. Kowannensu na riƙe da wani yanki na labarin da sauran suka manta, sai da aka haɗu sannan ya cika. Washegari Dogo ya tayar da nasa babur ya ce ba a barin jirgi ya fita tasha ba rakiya. Ya bi mu muka haye Binuwai, bai juya ba sai a Lafiya.

Sauran tafiyar ba ta da wani labari sai sanyi. Muka wuce Akwanga, babur ya yi ta nishi a Hawan Kibo, muka kwana Jos muna rawar ɗari, sannan muka bi ta Saminaka da Pambeguwa. Ranar ta 16 da hantsi muka shiga Zariya. A Ƙofar Doka Kawu ya ce in tsaya, ya ciro littafinsa ya rubuta lokaci, ya haɗa lissafi ya ce mun yi sama da kilomita 2,000, sannan ya ja layi a ƙasa kamar yadda ake rufe littafin gadi.

Kammalawa

Da damina ta 2024 ɗan Kuku ya kira ya ce Allah ya yi wa mahaifinsa rasuwa. Da Kawu ya sake cewa sai baɗi, da abin da ya same shi a Aba shi zai same shi a Wari. Su huɗun da suka rage yanzu ba a mako ba su gaisa ba, mutumin Kalaba kuma ya yi alkawarin zuwa Zariya in an tashi aurar da autar Kawu, ya ce a ajiye masa kujera.

'Yan uwana ɗalibai, mu da muke karatun Hausa a nan kudu zamanmu ya yi kama da na mutanen jirgin nan. A ajinmu akwai Bayarabe, akwai Ibo, akwai wanda Hausa ce harshensa na uku, ɗakin kwananmu ɗaya, tukunyarmu ɗaya, yajin aiki da tsadar rayuwa tare suke dukanmu. Nan da shekara ɗaya ko biyu kowa zai kama gabansa, za mu yi musayar lambobi mu yi alkawarin ziyara, kamar yadda su Kawu suka yi. Shawarata ita ce wanda ke da wani abu a ransa game da ɗan ajinsu ya fitar da shi tun muna tare, kada kunya ta sa ya sauya lungu. Wanda kuma Allah ya hore wa halin ziyara bayan an rabu, ya taka ya je tun ƙafa na iya ɗaukarsa. Haka nan duk mai tsohon soja ko tsohon ma'aikaci a gidansu ya zauna da shi da biro da takarda, domin akwai kalmomi da labarai a bakinsu waɗanda ba za mu same su a laburare ba.

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ba tsofaffinmu lafiya, ya kuma bar mu da masoyanmu. Amin.